In Allurar Zafi Ta Haura: Nasiha Ga Samarin Gareji Da Sababbin Direbobi

Daga tsakiyar Maris zuwa saukar damina, duk mai bin titunan cikin birnin Kano ya saba ganin mota a gefen hanya, bonet a ɗage, tururi na tashi, direba yana yage ledar fiya wata da haƙori yana ɗura wa lagireto. A watan Afrilu zafin rana kan haura digiri 40, ga shi kuma daga Ƙofar Mata zuwa bakin Kasuwar Kurmi, ko a mashigar Ƙofar Wambai da la'asar, mota ba ta samun filin gudu. Jan ciki take yi tsakanin 'yan adaidaita sahu da masu kura, babu iskar da za ta fifita mata gaba. Sai mutane su ɗora wa garin laifi, su ce ai zafin Kano ne. Ni kuwa ban yarda ba. Lafiyayyar mota tana iya tsayawa awa guda a wannan cunkoson allurarta ba ta gusa daga tsakiya ba. Wadda ta tafasa, da ma can akwai abin da ke damunta, rana ce kawai ta tona mata asiri.

Da ku nake, ƙannena da iyayenku suka kai gareji koyon aiki, da ku da aka damƙa wa makullin mota kwanan nan, ko ta gida ko ta haya. Abin da nake so ku riƙe shi ne, kowane zafin inji yana da dalili, ana iya gano shi da ido da hannu da natsuwa, kuma gyaransa bai kammala ba sai an kori iskar da ta shiga hanyar ruwa. Wannan mataki na ƙarshe shi aka fi tsallakewa, domin mai mota ba ya ganinsa, kuma yana cin lokaci.

Sai an san yadda abu ke aiki kafin a san inda ya lalace. Man da ke ƙonewa a cikin silinda, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke zama ƙarfin da ke juya taya. Kashi ɗaya yana bin salansa ya fita, ragowar kuwa ruwa ne zai kwashe shi. Famfon ruwa yana tura ruwan ta ramukan da aka bari a jikin inji da kansa, ruwan ya ɗebi zafi ya fita ta tiyon sama zuwa lagireto, iska ta sanyaya shi, ya dawo ta tiyon ƙasa. An ƙera injin ne don ya yi aiki a wajen digiri 90. Ku lura da kusancin wannan da tafasa: a bakin teku ruwa na tafasa a digiri 100, a nan Kano kuwa da muke kan tudu, a wajen 98 yake tafasa. To me ke hana shi tafasa a cikin mota? Murfin lagireto ne, wannan ɗan abin da ake rainawa. Ku ɗauki murfin motar Japan ku duba samansa, za ku ga an buga 0.9 ko 1.1. Wannan shi ne matsin da sifirin ɗinsa ke riƙewa, kuma da wannan matsin ruwa ba zai tafasa ba sai ya kai wajen digiri 120. In robar murfin ta tsage ko sifirin ya saki, ruwan zai tafasa da wuri, ya tsere ta ƙaramin tiyo, gobe a tarar da lagireto ya yi ƙasa, a ƙara ruwa, jibi ma haka. Na sha ganin an sauke lagireto an kai wanki, an canja famfo, alhali murfin da bai kai kuɗin cefanen yini ba shi ne mai laifin. Murfi ake fara dubawa.

Wannan matsin kuma shi ke ƙona mutane. Ruwan da ke digiri 110 a ƙarƙashin murfi, da zarar an buɗe masa sai ya rikiɗe tururi nan take, kuma in ruwa ya zama tururi yakan ninka girmansa fiye da sau 1,600. Ba ya fitowa a hankali, feshi yake yi, kai tsaye zuwa fuska da ƙirjin wanda ya sunkuya. Yawanci kuma yaron gareji ne ake cewa je ka buɗe. Ƙanena, ko oganka ne ya aike ka, ka ce masa cikin ladabi, Oga, a bari ta huce. Ka jira aƙalla minti 30, ka matsa tiyon sama da tsumma, in yana da tauri har yanzu akwai matsi, kada ka taɓa. In ya yi laushi, ka rufa tsumma mai kauri a kan murfin, ka juya rabi, ka kau da fuska, ka bar sauran hucin ya fice. In kuwa tsautsayi ya afka, a yi ta kwarara wa wurin ruwa mai sanyi na kimanin minti 20, kada a shafa man goge baki ko ƙwai ko baƙin mai, sannan a nufi asibiti. Ga Asibitin Murtala nan kusa da Ƙofar Mata.

Kai kuma direba, in ka ga allura ta wuce inda ta saba tsayawa, kashe esi, buɗe hita har ƙarshe in tana aiki, domin ita ma ƙaramin lagireto ce da za ta rage wa injin zafi, ka nemi gefe ka kashe mota. Kada ka ce bari in ƙarasa Gwammaja tunda na kusa. Kan injin motocin yanzu na alminiyam ne, zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa shi, kuma tafiyar minti 5 da jan allura tana iya jawo maka sauke inji. Kada kuma ka sheƙa ruwan sanyi a cikin injin da ke huci. Ƙarfe mai zafi in ya gamu da sanyi farat ɗaya tsagewa yake yi.

Makanike na ƙwarai yana fara aiki da tambaya kafin ya ɗauki sifana: yaushe take ɗaukar zafin? Amsar kan nuna hanya. In a cunkoso kawai take yi, da an hau titi ta sauka, to fanka ce, a duba fiyus da rile da na'urar da ke tayar da ita da kuma motar fankar kanta. In kuwa a cikin gari lafiya lau, sai an miƙe hanyar Zariya ko ta Katsina ana gudu take haurawa, to ruwa ba ya wucewa yadda ya kamata: lagireto ya toshe daga ciki, ko fukafukan famfo sun cinye, ko tiyon ƙasa ya yi laushi yana shaƙewa. In sai an kunna esi, a leƙa tsakanin lagireto da kwandensa, a nan ƙurar hunturu da leda da ciyayi ke taruwa su zama katanga. In minti kaɗan da tayarwa allura ta yi sama, tiyon sama kuma da sanyinsa, tamostat ne ya maƙale a rufe. In kuwa jiya aka taɓa hanyar ruwa yau ta fara, kada a je nesa, iska ce.

A kan tamostat zan ɗan daɗe, domin a nan aka fi yi wa motoci illa da sunan taimako. Al'ada ce a garejojinmu, da an kawo motar Beljiyam sai a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyawa tun daga tayarwa. Hujjar da ake kawowa ita ce, wai don ƙasar sanyi aka yi shi. Ku tambayi duk alhajin da ya hau tasi a Makka ko Madina, inda zafi kan wuce na Kano. Irin Camry ɗin da ke yawo a nan su ne a can, da tamostat ɗinsu, da esi a kunne yini guda. Aikin tamostat shi ne ya tsare ruwa a cikin inji har ya kai zafin aiki, sannan ya buɗe masa hanyar lagireto. In aka cire shi, injin zai daɗe bai yi ɗumi ba, kwamfutar mota ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara mai. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, wa ke da man ɓarnatarwa? Ban da haka, man da bai ƙone ba yana wanke bangon silinda, ya gangara ya tsinka baƙin mai, ringi ya ci da wuri. A motoci da yawa ma tamostat ɗin baki biyu gare shi: in ya buɗe hanyar lagireto, sai ya toshe wata gajeriyar hanya da ke mayar da ruwa cikin inji. Wanda ya cire shi ya bar wannan gajeriyar hanya a buɗe har abada, wani kaso na ruwan ya riƙa zagayawa bai ga lagireto ba. Ka ga an je neman sanyi an ƙaro zafi.

Gwada shi kuwa ba wuya. Ka karɓi ruwan zafi a wurin mai shayi, ka ɗora a tukunya, ka ɗaure tamostat da waya ka zura. A jikinsa an buga lamba, galibi 82 a Toyota, 87 a Golf. Kafin ruwan ya tafasa za ka ga bakinsa yana buɗewa a hankali, domin akwai kaki a cikinsa da ke kumbura in ya ji zafi ya tura sandar. Ka ciro shi ka ajiye, yana hucewa yana rufewa. In ya ƙi motsi har ruwa ya tafasa, ya mutu, a je Ƙofar Ruwa a nemo mai lamba irin tasa. A can akwai mai kyau akwai na jabu, kuma araha ba ta ado, don haka sabon ma a tsoma shi a tukunya kafin a ɗaura. Wajen ɗaurawa ku duba gefensa, yawanci akwai wani ɗan rami da ɗan ƙarfe ke lilo a ciki. Wannan ramin sama yake kallo, domin ta nan iska ke samun mafita yayin da ake cika ruwa. Yara da yawa suna kifa shi ƙasa saboda ba wanda ya taɓa gaya musu amfaninsa.

Sai ruwan da ake zubawa. Rijiyoyi da yawa a cikin birni ruwansu na da zartsi, kuma ruwan burtsatse da 'yan garuwa ke turowa shi ma yana ɗauke da ma'adinai. In ya sha zafi sai ya bar farin datti a cikin siraran bututun lagireto, ya kuma haifar da tsatsa. Duk wanda ya taɓa zare tiyon ƙasa ya ga jan ruwa kamar kunun kanwa yana zuba ya san abin da nake faɗa. Kulan, wato ruwan sanyaya inji da ake sayarwa, in na gaske ne ba launi ba ne kawai, yana ɗauke da maganin tsatsa, yana kuma ɗaga matakin tafasa: in aka gauraya shi rabi da rabi da tsabtataccen ruwa, yakan kai wajen digiri 107 ko babu murfi. Amma a kasuwa akwai wanda ruwa ne da kala, don haka a sayi sananne a wurin amintacce, kuma kada a gauraya iri biyu, domin wasu in sun haɗu suna yin kauri su toshe hanya. A kuma kiyaye shi daga yara da dabbobi. Yana da zaƙi a baki, amma guba ne mai kashe ƙoda. A lungunanmu da awaki da kaji ke shiga gareji, yara kuma ke wasa da jarkoki, kada a bar shi a buɗaɗɗen kwano, kada a zuba shi a robar lemo. Masu fasa ƙwai ko zuba garin barkono a lagireto don toshe yoyo kuwa, su sani abin da ya toshe ramin yoyo zai toshe bututu ma.

Yanzu ga maganar iska. In ka tsoma tulu a ruwa da bakinsa a ƙasa, ba zai cika ba, sai ka karkata shi ya yi ɓul-ɓul iskar ta fice. Hanyar ruwan mota tana da lunguna da tudu da kwari, kuma duk lokacin da aka zubar da ruwa don canja tiyo ko famfo ko tamostat, iska ce ke maye gurbinsa. In aka ɗura sabon ruwa da gaggawa, bakin lagireto zai nuna ya cika alhali iska ta maƙale a wurare mafi tudu, wato kan inji da gidan tamostat da hita. Inda iska ta zauna ruwa ba ya taɓa ƙarfe, wurin sai ya yi ta gasuwa. In ta taru a bayan tamostat, kakin ba zai ji zafin ruwa ba, ya ƙi buɗewa a kan lokaci. In ta lulluɓe na'urar auna zafi, allura za ta yi maka ƙarya, fanka kuma ta ƙi tashi. In ta isa famfo, sai ya yi ta juyawa a banza. Alamominta sanannu ne: allura tana hawa tana sauka ba dalili, hita tana busa sanyi alhali inji ya yi zafi, ana jin ƙugin ruwa a bayan dashbod in an taka totur.

Ga yadda ake korar ta, kuma inji a sanyaye ake farawa. A tsayar da mota gabanta ya fi bayanta tudu, ko a ɗaga gaban da jak, don bakin lagireto ya zama shi ne ƙololuwa. A mayar da hita kan zafi. A kafa mazurari a bakin lagireto, a naɗe shi da tsumma ko roba ya zauna daram, a riƙa zuba ruwa siriri-siriri, ana tsayawa ana sauraro. In motar tana da sukurun fitar da iska, a kwance shi tun kafin a fara zubawa. Tsofaffin Honda Accord suna da shi a kusa da gidan tamostat. Peugeot 406 tana da fiye da ɗaya, kuma tankinta bai kai tudun da ake bukata ba, shi ya sa masu aikinta ke yanke gindin robar ruwa su kafa a bakin tankin, su cika ta, don nauyin ruwan ya turo iskar. Da farko za ka ji sukurun yana huci, sai ya fara tofar da ruwa da kumfa, sai daga baya ruwa ya miƙe siriri babu yankewa. A nan ake ɗaure shi, daga na ƙasa zuwa na sama, kuma da sassauci, domin da yawansu na roba ne, suna karyewa. Golf kuwa ba ta da murfi a kan lagireto, ta tankin roba ake cika ta, kuma ɗan siririn tiyon da ke dawowa saman tankin shi ne mafitar iskarta. In ka ga ba ya tsartuwa in an taka totur, ya toshe, a zare a busa.

Sai a tayar da mota a bar ta a sulo, mazurari da ruwa har rabi. A riƙa matsa tiyon sama da na ƙasa da hannu, ana kaffa-kaffa da fanka da bel, domin fankar lantarki ba ta sallama kafin ta tashi, hannun riga kuma a naɗe shi. Kumfa za ta riƙa fitowa ɗaya-ɗaya. Daga nan sai jira, kuma a nan ne yawancin yara ke gajiya su rufe murfi. Kada ku rufe. Bayan minti 10 ko 15 tamostat zai buɗe, za ka ji tiyon da ke da sanyi ya ɗau zafi a tafin hannunka, ruwan mazurari ya zurma ƙasa gaba ɗaya, manyan kumfa su biyo baya. Wannan zurmawar ita ce shaidar ramin iskar da ka kusa sallamar mota da shi. A ƙara ruwa, a ɗan taka totur zuwa juyi 2,000 ko 2,500 a minti na ɗan lokaci a saki, a maimaita. A jira fanka ta tashi ta tsaya da kanta, ta sake tashi ta tsaya. A sa hannu a bakin hita a ji tana busa zafi sosai. In kumfa ta ɗauke, a kashe mota, a rufe murfi, a cika tankin roba zuwa layinsa, ba har baki ba, domin ruwa na bukatar wurin kumbura. Duka aikin yakan ci kusan minti 40. Na san mai mota yana tsaye yana duba agogo, na san wata motar na jira. A ba shi benci, a gaya masa dalili. Mafi yawan mutane in aka yi musu bayani suna haƙura.

Akwai kumfar da ba ta ƙarewa, kuma wajibi ne ku iya bambanta ta. In an yi rabin awa ana kora amma ƙananan kumfa na ta jerowa, suna ƙaruwa in an taka totur, wannan ba iskar da ta maƙale ba ce, hayaƙin silinda ne ke kutsowa ta gaskit ɗin kan inji da ya ƙone. Sauran shaidunsa su ne tiyon sama ya yi tauri tun inji bai yi zafi ba, farin hayaƙi mai ɗan zaƙin wari a salansa ko bayan mota ta yi ɗumi, ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, wani lokaci kuma baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. In ka ga haka, ka faɗa wa mai mota gaskiya a ranar, komai ɗacinta. Kada ka cire masa tamostat ka haɗa fanka kai tsaye don allura ta kwanta ya biya ka ya tafi. Haramun ne kuɗin, kuma motar za ta mutu masa a dajin da babu mai taimako, wataƙila da iyali a ciki. In an sauke kan injin kuma, a kai shi a auna ko ya lanƙwashe kafin a ɗora sabon gaskit, a ɗaure notocin bi da bi yadda aka tsara, in ba haka ba sati biyu ya sake ƙonewa.

Ranar sallama ma akwai sauran aiki. Kai makanike, ka zagaya da motar, ka shiga cunkoso da gangan, ka fita ta Ƙofar Kabuga ka ɗan sake mata, ka dawo ka leƙa ƙarƙashinta ko akwai ɗigo a bakin kilif. Sannan ka nuna wa mai ita layin tankin roba da yatsa, ka ce masa gobe da asuba kafin ya tayar ya duba, domin yayin da inji ke hucewa cikin dare yakan zuƙi ruwa daga tankin ya cike gurbin 'yar iskar da ta rage. In ya ga ya ɗan sauka a rana ta farko, ya ƙara zuwa layi, ba komai. In ya sake sauka a rana ta biyu da ta uku, ya dawo da ita, akwai yoyon da ba a gano ba, kuma wannan dubawar kada ka karɓi ko sisi a kanta.